Kwalbar da Auta Ta Haɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Daura ya san rabon 'yar fari. Uwa ba ta faɗin sunanki, ba ta yabonki, in ta kama dole sai ta ce "waccan". Auta kuwa ko tuntuɓe ta yi sai an bi ta da sannu har ƙofar gida. Ita ta tafi Kano ta karanta harhaɗa magunguna, ta yi zamanta can. Ni na yi aure lungu biyu da gidanmu, ina koyarwa a firamare.

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, haɗiya ta gagare ta. A kan ƙwayar hawan jini guda sai mu yi rabin awa muna fama, ta shaƙe, idanu su yi ja. Sai na samo dabara. In sa ƙwayar tsakanin cokali biyu in murƙushe, in kwaɓa da zuma in ba ta. Wata huɗu ina haka kowace safiya, ina ji da kaina. Jirin da ke ɗibarta da hantsi har ta yi laƙwas kuwa, duk tsufa muka ɗora wa.

Wata Juma'a Auta ta iso da kwalba a cikin kula mai ƙanƙara. Likita ne ya rubuta, ita ta haɗa da hannunta a ɗakin haɗa magani na asibitinsu. Ruwa ne mai kauri kamar kunun tsamiya don kada ya sarƙe Inna, an auna shi daidai ƙarfin jikinta, har da ɗan zaƙi. A takardar da ke jikin kwalbar an buga sunan Inna, kuma wannan sunan shi ya gama da ni. Duk wadda ta shigo dubiya sai Inna ta nuna da hannunta mai lafiya, baki a karkace: "Nawa ne ni kaɗai. Auta ta yi min." Mata su karɓa su yi ta juyawa suna ma sha Allah. Ni da na yi wata huɗu ina wankin zannuwan fitsari ina tsaye da tsintsiya a hannu, ba mai ce min sannu. Kishi na ji, tsantsarsa.

A madafi Auta ta same ni, da kwalin tsohuwar ƙwayar a hannunta.

"Yaya, wannan kike murƙushewa?"

Na ce ƙwarai, ba don haka ba ai da ba abin da ke shiga cikinta.

"Ba a fasa ta, Yaya. An yi ta ne ta riƙa narkewa a hankali wuni guda. In aka murƙushe, gaba ɗaya ƙarfin yake shiga jiki. Shi ne jirin nan."

Ƙasa-ƙasa ta faɗa, har tana leƙen ƙofa kada wani ya ji. Da ma zagina ta yi, da na samu abin riƙewa. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce, "Haka ne, Yaya." Wannan haƙurin nata ya fi komai ƙona min rai.

Ta koma Kano, ni na ci gaba da ba da maganin. Cikin mako guda jiri ya ɗauke. Sai dai maganin ba ya wuce sati biyu, kuma sanyi yake so, wutar lantarkinmu kuwa sai ta ga dama. A jiƙaƙƙen yashin gindin randa nake binne kwalbar. Sabuwa kuma direban tasha ake ba wa, sau biyu tana isowa da ɗumi kamar shayi. Daga nan Auta ta kawo maganar da nake tsoro: a mayar da Inna wurinta. Kawunmu ya amince, ƙannena maza suka amince. Na yi ta hayaniyata, ba wanda ya biye min. Auta ko sau ɗaya ba ta ɗaga zancen murƙushe ƙwaya ba, alhali shi kaɗai ya isa ya rufe min baki. Aka sa Inna a mota.

Kwana uku da tafiyarsu, da hantsi, ta kira ni tana kuka.

"Yaya, Inna ta ƙi sha. Datse baki take yi. Jiya ba ta sha ba, yau ma haka. Kawu ya ce in ba ta sha gobe ba, a dawo miki da ita."

Allah ya yafe min, daɗi na ji har tafin ƙafa. A zuciyata har na share ɗakin na shimfiɗa tabarma.

Na kuma san dalili. Inna ba ta yarda mu haɗa ido, saboda haka ta bayanta nake tsayawa, in jingina kanta a ƙirjina, in zura cokalin ta gefen da ke aiki, in share abin da ya dalalo ba tare da na duba ba. Auta kuwa na san halinta, a gabanta za ta durƙusa ta zuba mata ido tana "daure, Inna". Ita kuma Inna ta gwammace ciwon da a ce 'yar lelenta ta ga yawu na bin haɓarta.

"Yaya, kina jina?"

Ina jinta. Abu ɗaya ke nan a duniya da na sani ita ba ta sani ba, kuma shirun kwana ɗaya tak ake nema a wurina. Amma likita ya faɗa mana tun farko, in jinin ya sake hawa, shanyewar jiki ta biyu ba ta zuwa da sauƙi.

Na ce, "Ki koma ta bayanta. Ki ɗora kanta a ƙirjinki, kar ki kalle ta."

Ba a jima ba ta sake kira, tana dariya da guntun kuka. Inna ta shanye tas.

Shekara biyu Inna ta yi a Kano, can ta cika, can aka binne ta. Na sani abin da na yi shi ne daidai, ba sai malami ya gaya min ba. Amma a ƙirjin Auta ta cika, kuma ni na koya mata tsayuwar.