Muƙamuƙin Jaki a Wuyan Auta

Ni dai ba a san ni da mantuwa ba, ba a kuma san ni da yafiya mai arha ba. Wanda ya taɓa ni, ina iya barinsa da Allah. Wanda ya taɓa Innata kuwa, sai na gama da shi tukuna in bar wa Allah saura.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, a hayin Kwara, idan ka yi sammako kafin azahar ka shiga ƙasar Faransa, wadda a lokacin ake kira Dahome. Iyaka ba ta dame mu ba. Kasuwa ɗaya muke ci, muna auratayya, Hausa da Dandanci da Fillanci duk a rumfa ɗaya. Yayan Inna ma can Dahome yake zaune a wani gari, kuma ɗansa ne malamin makarantar garin. Su lakwal suke cewa, malamin kuwa mushe. Da na ji sunan na ce to, su suka san kayansu.

Wannan mushen taubashina ne, ni taubashiyarsa, tunda uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Dogo ne, ga matsattsen wando, ga takalmi sau-ciki da ba ya tuɓewa a gaban kowa. Idan ya zo gaishe da Inna ba ya durƙusawa, sai ya miƙo mata hannu kamar sa'arsa. Inna ta kau da kai ta ce ilimi ne ya yi masa yawa.

Bayan rasuwar babanmu ya zo ya ce a ba shi Auta, ƙanena, yaron da bai daɗe da famfara ba. Ya raina elementaren Bagudo. Wai wace irin makaranta ce za a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono? Ya yi dariyar akwatin rediyon ƙofar mai gari, inda muke taruwa bayan la'asar mu ji labarai da Hausa. Ya yi dariyar jaridar da malamin ajin yaƙi da jahilci ke kawo mana, wadda ni ma da ita na koyi haɗa baƙi. Ya ce Turawan Ingila sun cuce mu, sun bar mu da maganar kasuwa. A garinsu rediyo Faransanci yake yi, kuma shi kaɗai ke ji, sai ya saurara ya fito ya gaya wa mutane abin da ya ga dama.

Na ce, "To in ka shara musu ƙarya fa, wa zai kama ka?"

Ya ce ƙauyanci ke damuna. Inna ba ta iya musa wa gidan yayanta, ta ba da Auta.

Wata biyu ta daure. A na uku ta kirɓa fura ta zuba a ƙwarya, muka kama hanya ni da ita. Mun isa yara suna wasa a filin lakwal. Inna ta tsaya a bakin darni ta ɗaga murya ta ce, "Auta!"

Ya sheƙo da gudu yana cewa, "Na'am, Inna! Kun zo lahiya?"

Bai rufe baki ba wani yaro ya biyo shi, ya cire wani abu daga wuyansa ya jefa a wuyan Auta, sauran suka ɗauki ihu. Na duba. Muƙamuƙin jaki ne, da haƙoransa da komai, an zura masa igiyar kaba. Sambol suke kiransa. Dokar lakwal ita ce, duk yaron da aka ji ya yi wani harshe ba Faransanci ba, shi ke rataya shi, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kasa kunne ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala. Ka ji yadda ake mayar da 'ya'yan mutane munafukan juna.

Inna ta tari mushe ta ce, "Ɗana, ni na kira shi, laihina ne."

Ya ce, "Gwaggo, doka doka ce."

Da aka tashi, a gabanmu ya zane shi, yana ƙirga bulalar da Faransanci, ya kuma sa shi ya yi godiya da Faransanci. Na yunƙura zan tsallake darni, Inna ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga.

Zuwa na biyu ita kaɗai ta tafi. Ta dawo da magariba, ƙwarya a rufe yadda ta tafi da ita, furar ta yi tsami. Na tambaye ta ko ba ta same shi ba. Ta ce, "Na kira shi sau uku. Ya gan ni. Ya juya baya." Ta zuba wa awaki furar ta shige ɗaki. Daga ranar nan Inna ta fara ramewa, ni kuwa na rantse da Allah sai wannan mushe ya san ya taɓa uwar wata.

Ban yi shawara da kowa ba. Ranar kasuwarsu na bi masu kai gishiri na tsallaka. Na sami Auta a bakin rijiya, ga ƙashin nan kuma a wuyansa. Daga baya na ji wai tuntuɓe ya yi ya ce wayyo. Na fizgi hannunsa muka kamo hanya, ban tsaya gaishe da kawu ba. Ƙashin ma ban yar ba, na zo na cusa shi a ƙarƙashin rumbu.

Na zaci dawowa da shi ita ce magani. Ina! Yaro ya dawo gidan ubansa amma bakinsa bai dawo ba. Kafin ya yi magana sai ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya yi raɗa. Idan Inna ta kira shi sai ya zo ya tsaya ya gyaɗa kai. Ta riƙa kiransa a kan abin da bai kai ya kawo ba, miƙo ludayi, kori kaza, don dai ta ji ya amsa, ba ya amsawa. Wannan shi ya fi ci mini rai, ya fi bulalar.

Mutanen Dahome sun riga mu samun mulkin kai, namu ya zo da kaka, an soma yankan gero. Ranar aka taru a ƙofar mai gari tun da hantsi, aka ɗora rediyo a kan turmi, ana ta bayani da Hausa cewa ƙasa ta koma hannunmu. Ga mai kalangu, ga mata a gefe. Sai ga mushe a kan kekensa, ya zo ɗaukar ɗalibinsa. Ya tsaya da takalmi a bakin tabarmar dattawa. Da ya hango Auta sai ya daka masa tsawa da Faransanci. Yaron nan ya miƙe zumbur, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Na dubi Inna, na ga ta sunkuyar da kai.

Na zame na nufi rumbu.

Abin da karatun mushe ya mantar da shi shi ne, a wurinmu tsakanin taubasai babu shari'a. Duk abin da taubashi ya yi maka wasa ne, in ka yi fushi kai ne abin dariya har jikokinka. Na lallaɓo ta bayansa, na rangaɗa guɗa, na zarga masa muƙamuƙin a kan farar rigarsa.

Na ce, "Jama'a, ga adon da suke yi wa ɗiyanmu a lakwal, in yaro ya amsa kiran uwarsa. To kun ji rediyo, yau ƙasa tamu ce. A nan wanda ya yi Faransanci shi ke ɗauka, ba ya ajiyewa sai ya kama wani yana yi. Taubashi, kasa kunne!"

Wuri ya kaure da dariya. Idonsa ya yi ja, ya juya wajen dattawa. Wani tsoho ya ce, "Kai, taubashiyarka ce, ba ka da ta cewa." Ya yi yaƙe, ya kai hannu zai tuɓe. Sai wata murya ta tashi da ƙarfi har ta danne rediyo.

"Ba a tuɓewa sai an tashi!"

Auta ne. Hannuwansa na nan a harɗe, hawaye na zuba, ya ƙara cewa, "In an tashi kuma bulala!"

Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai kalangu ya koma bayan mushe ya kafa masa kiɗa. Na jawo tsofaffin mata ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina gida, ina mutanen hayi, dole ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana amsawa da Hausa, haƙoran jaki suna bugun ƙirjinsa. Ashe ya iya durƙuson. Haka ya kai har azahar, ba wanda zai miƙa wa.

Bulalar ce kawai bai sha ba. Na riga na yanko tsumagiya mai kyau, Inna ta karɓe ta ce jinin yayanta ne. Har yau ina jin haushin tsumagiyar nan. Ya tura kekensa ya tafi shi kaɗai. Kawu ya shekara biyu bai aiko mana gaisuwa ba, ni ko a jikina. Auta ya shiga elementaren Bagudo.

Da la'asar ɗin ranar mulkin kan nan Inna tana tsakar gida tana dama fura. Na ga ta tsayar da ludayi, kamar mai tsoron taka kwalba. Sannan ta kira a hankali, "Auta."

Daga zaure ya amsa, har maƙwabta suka ji, "Na'am, Inna!"

Ya shigo ya tsaya yana jiran aike. Ba ta da aiken da za ta yi masa. Ta bari ya juya ya kai bakin ƙofa, ta sake kiransa.