Haƙoran Kombo

Yayata Somoe ba ta taɓa riƙe sarauta a tsibirin Kilwa ba, amma ranar jana'izarta sarki da kansa ya sa kafaɗa a makara. Mutane suna ta cewa ta yi sa'ar duniya. Ni kuwa na san abin da sa'ar ta ci.

Matar masunci ce, mai jiki, mai dariya har da buga cinya. In tana kankare kwakwa, unguwa duka sai ta ji waƙarta, ga muryar ba daɗi. Ɗanta na fari, Kombo, yana da wata biyu aka haifa wa sarki na wancan lokaci ɗa namiji, uwar ta rasu a kan gwiwa. Uwar sarki ta sa aka tara masu jego na gari, ana ɗiga nonon kowace a kan farce. Na Somoe ya tsaya bai gangara ba. Aka bincika halinta kuma, tunda yaro da nono yake shan hali, ba a sami abin kushewa ba sai surutu.

Dokar gidan sananniya ce: shekara biyu ba fita, ba shayar da kowa sai ɗan sarki, Idarusi. Aka miƙo mini Kombo, ni kuma ina goyon 'yata. Mijina aka ɗauke shi daga kamun kifi aka ba shi tuƙin jirgin sarki, har muka yi walima.

Nonona bai ishi biyu ba. Allah na gani, tawa nake fara ba, in ta ƙoshi in ɗauki Kombo. Da damina gudawa ta kama shi, kwana uku ya tafi, yana da wata shida.

Na tafi gidan sarki in faɗa wa Somoe, uwar sarki ta sa aka tare ni. Tana tauna goronta, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce baƙin ciki yana tsinka nono, in jikanta ya sha hawaye, ni da mijina mu nemi wani tsibirin.

"To, ranki ya daɗe, me zan ce mata?"

"Abin da uwa ke son ji."

Kowace Juma'a bayan sallah ake barina in zauna da Somoe a bakin rijiyar gidan mata. Nan na koyi ƙarya, na kuma gwanance, abin da har yau yake ba ni kunya. Ba wuya: 'yata nake kallo, duk abin da ta yi in ɗora wa Kombo. Ya zauna. Ya fara rarrafe. Ya fito da haƙori. Somoe ta yi ta dariya da Idarusi a ƙirjinta, tana cewa ɗan banza, ai ƙaton kan ubansa ya kwaso. Takan ɓoye masa alewa a ganyen ayaba ta tura mini a zani. 'Yata ke shanyewa.

Ranar yaye ta fito da 'yar riga ta yadin Hindu, wadda ta ɗinka tana aunawa a jikin Idarusi. A bakin ƙofar gidana na faɗa mata. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce in nuna mata kabarin. Muka je, damina biyu ta baje wurin, na rasa ko wanne ne.

Ba ta sake haihuwa ba. Mijinta ya bi jiragen fatauci masu zuwa garin Sofala bai dawo ba, ita kuma ta koma gidan sarki, inda Idarusi ke kuka ya ƙi kowa. Shekara talatin da wani abu ta yi a can. Ya girma yana kiranta Mama, ya hau gado, ita kaɗai ke iya jan kunnensa, kuma wanda waziri ya kora ta wajenta yake biyowa. Dariyar ce ba ta dawo ba. Ni kuwa ba ta taɓa fasa gaishe ni ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

A ciwon ajalinta, wata la'asar, ta sallami kuyangi ta riƙe hannuna.

"Mishi, ranar nan da ya kama turmi ya miƙe, ya faɗa kan kaza, sake ba ni labarin."

"Yaya, ƙarya ce fa. Kin sani."

"Na sani, ƙanwata. To ina da wani labarinsa ne ban da naki?"

Na ba ta, daga farko, har da kukan kazar. Ta yi dariya, ta ɗaga hannu za ta bugi cinya, hannun ya gaza. Can ta tambaye ni haƙoran da suka fara fitowa, na sama ne ko na ƙasa, don ta manta.

Na ce na ƙasa, guda biyu.