Makarar da Aka Auna da Sama'ilu

Ban taɓa jin dariyar mahaifina ba. Ni ce autarsa, Tahira, kuma an haife ni shekara guda bayan ya daina. Yayyena sun ce wai a da, in Baba ya ƙyalƙyale a maƙera, har matan da ke jan ruwa a rijiyar bayan gari sai sun san ya kama wani da tsiya. Ni dai mutumin da na tashi na gani dogo ne, duk garinmu ba wanda ya kai shi tsawo, ba ya son magana, kuma yana yawan buɗe tafin hannunsa na dama ya zuba masa ido.

Sunansa Abdulmumini, amma daga Shanono har Ungogo da Alhaji Mumini Ƙarfe aka san shi. Garinmu, Ɗorawar Maƙera, irin garin nan ne da gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a gerenka maƙwabci ya yi maka addu'a daga cikin gyaɗarsa. Kakanninmu duk maƙera ne. Abin da Baba ya gada bai wuce uwar maƙera da zugazugi da masaba biyu ba, da su yake ƙera fartanya da lauje. Da garmar shanu ta fara yawa a ƙasarmu sai ya sayi wata karyayya, ya kwance ta gaba ɗaya, ya yi mako yana juya ta a hannu, sannan ya ƙera tasa. Ta fi ta kanti nauyi, amma ba ta karyewa, manoma kuwa abin da suke so ke nan. Daga nan ya sayo injin walda da janareta, ya fara amalanke. Lokacin da gonakin Ungogo da Rijiyar Zaki suka koma filayen gini, kowane sabon gida yana neman ƙofa da taga da get, rumfar Baba ta zama kamfani mai ma'aikata arba'in.

Shi bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ko taron jam'iyya bai taɓa zuwa ba. Amma mutumin da kowane manomi ke noma da garmarsa, 'yan siyasa ba sa barin zaurensa ya huta. Babban wanmu, Yaya Fatihu, ya yi kansila, ya yi ciyaman. Yaya Hadi ya hau kujerar kansilan tun ba ta huce ba. Katangar gidanmu ta koma allon manna fosta, har akuyar Inna Hure, mahaifiyarmu, ta saba da ɗanɗanon fuskar Yaya Fatihu. Duk wannan an faɗe shi a taron ta'aziyya, an ƙara gishiri. Abin da ba wanda ya faɗa shi ne labarin makara, ita kuwa ita ce Baba.

Yana da taubashi, ɗan kawunsa, Sama'ilu. Tare suka tashi, Sama'ilu na zuga wuta, Baba na dukan ƙarfe, kuma tun daga safe har yamma ba abin da suke yi sai yi wa juna tsiya. Sama'ilu na kiransa Dogon Banza, shi kuma yana kiran Sama'ilu bawansa. Baba Kolo, tsohon ma'aikacinsu, Babarbaren da iyayensa suka zauna garinmu tun kafin a haifi Baba, shi ya ba ni labarin yadda aka yi, kuma Inna ta tabbatar.

A daminar 1988 makarar garin, ta gwangwala, ta karye da gawa a kan hanyar maƙabarta. Abin ya yi wa kowa ciwo. Baba ya ce shi zai yi ta ƙarfe sadaka, wadda ba za ta sake kunyata mamaci ba. Ya jawo ƙarafa, ya nemi awo bai gani ba, sai ya dubi Sama'ilu.

"Kai bawa, kwanta in auna."

Sama'ilu ya baje a ƙasa, ya miƙe ƙafa, ya rufe ido, ya karkace baki. Aka fashe da dariya. Baba ya ɗauki gawayi ya zagaye shi daga kai har diddige.

"Ta yi daidai," in ji Baba. "Kai za ka fara hawa ma, mu ga ko tana da daɗi."

"Na yarda," Sama'ilu ya ce, idonsa a rufe. "Amma in na sauka kai za ka hau. Mu ga inda za ka sa waɗannan ƙafafun naka, Dogon Banza. Sai dai su leƙo waje suna yi wa mutane sallama."

Aka yi makara shimfiɗaɗɗiya kamar tsani, da mariƙi huɗu. Ranar kwana na takwas Baba ya shafe ta da koren fenti. Washegari aka tafka ruwa, ƙasan rumfa ya jiƙe, Sama'ilu ya taka wayar injin walda ba takalmi. Wayar ta daɗe da salewa, Baba ya sha cewa gobe zai naɗe ta. Kafin Baba Kolo ya kai ga kashe janareta, rai ya yi halinsa.

Shi ya fara hawa. Ta yi masa daidai, ba ragi ba ƙari. Fentin bai gama bushewa ba saboda sanyin damina, duk wanda ya kama ya dawo da kore a hannu. Baba ne ya riƙe mariƙin gaba na dama tun daga gida har bakin kabari, bai bari kowa ya karɓe shi ba.

Liman ya zaunar da shi ya ce ajali ne, wasa ba ya kisa, kada ya bari Shaiɗan ya yi masa wasa da hankali. Baba ya ce, "Na sani, Malam. Na yi imani da haka. Amma bakina ne ya faɗa, wayata ce kuma." Daga ranar bai sake tsokanar kowa ba. Ya ɗauki 'ya'yan Sama'ilu ya riƙe har ya aurar da su. Da arziki ya zo aka yi wa kamfani daɓen siminti, sai ya hana a taɓa wurin da ya zana gawayin. Har yau in ka shiga za ka ga wani ɗan fili na ƙasa zalla, tsawon mutum, a tsakiyar siminti. Sababbin ma'aikata ba su san dalili ba, amma ban taɓa ganin wanda ya taka shi ba, kowa zagayewa yake yi.

Kowace shekara kafin ruwan fari, Alhaji guda mai motoci uku zai tuɓe babbar riga, ya fito da makarar daga ɗakin masallaci, ya kankare tsatsa, ya shafe ta da kore da hannunsa. Ina yarinya abin kunya yake ba ni. Da na girma sai ya koma ba ni tsoro, don na taɓa kawo masa ruwa na ji yana magana ƙasa-ƙasa, kuma ba addu'a yake yi ba. Cewa yake, "Ka ga dai ban manta ba."

Wasiyyarsa guda ce, kuma ba ta gona ba ce ko kamfani. Ya faɗa mana a gaban Inna, ya maimaita bayan ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi: "A wannan za a ɗauke ni. Na yi alkawari." Muka ce to, Allah ya ƙara lafiya. Yaya Fatihu ma ya ce to, amma yana danna waya.

Bara Yaya Fatihu ya ɗaga ido sama, yana neman majalisa. Wasu suna raba atamfa, wasu taliya, shi sai masu ba shi shawara suka ce ya raba makara, tunda gidan ƙarfe ne. Aka ƙera guda sittin a kamfanin Baba, farare, dogaye, masu murfi, kowace da allo a gefe ɗauke da sunan Honarabul. Wai har mamaci sai ya yi masa kamfe a hanyarsa ta ƙarshe. Motar da ke kai sababbi ita ke kwaso tsofaffin, a tara wa 'yan gwangwan.

Wata Litinin da hantsi Baba Kolo ya yi sallama a gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ko zama bai yi ba.

"Tahira, sun ɗauko ta Alhaji. Kafin in ankara har an yanka ta biyu."

"Yaya Fatihu ya sani?"

"Na same shi. Dariya ya yi, a gaban mutanensa. Ya ce, Baba Kolo, wannan tsohuwar ai ko Baba ba za ta ɗauka ba. Ka kwantar da hankalinka, na yi masa wadda za ta ishe shi."

Tsohon ya faɗi wannan yana kallon ƙasa. Ni kuwa sai na tuna wasan Baba da Sama'ilu. Ba mugu ba ne yayana, Allah ya sani yana son Baba. Mutum ne kawai da ya saba magana a yi masa tafi.

Na zari hijabi muka tafi kamfani. Na tarar da ita a ƙarƙashin tarin tsofaffin kekuna da gwangwanaye, gida biyu. Na tsaya a kanta na ce duk wanda ya isa ya zo ya ɗora ta a mota. An san bakina a gidanmu, ba wanda ya matso. Baba Kolo ya ja ta ciki, ya ce tunda dai an riga an yanka, me zai hana ya ƙara mata tsawon tafin hannu biyu a tsakiya, ta yi wa Alhaji daidai. Na ce bari in tambayi mai ita.

Na sami Baba a kishingiɗe, Inna na ba shi kunu. Ban ɓoye masa komai ba sai maganar Yaya Fatihu. Hawaye suka fara bin gefen fuskarsa da ya shanye. Da na kawo batun ƙari sai ya girgiza kai da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Yadda take," ya ce. "Awonsa ne."

"To Baba."

"Kore."

Baba Kolo ya haɗe ta yadda take. Ruwa ya hana shi fenti har mako ya zagayo, ranar Laraba ya samu ya shafa. Ranar Alhamis, bayan an sha kunun safe, Baba ya cika.

Kafin azahar garinmu ya cika da motoci masu baƙin gilashi. An gama wanka da sutura, mu mata mun yi masa addu'a a tsakar gida, sai ga ma'aikata sun shigo da farar makara mai allo. Bayansu Baba Kolo da wasu dattawa biyu, ɗauke da koriya. Yaya Fatihu ya ja ni gefe, idonsa ja.

"Tahira, ki rufa mana asiri. Manyan mutane sun zo daga Kano. Ƙafafunsa za su fito waje. Me za a ce? A ce mun raba wa duniya makara, ubanmu mun ɗauke shi a wadda ba ta ishe shi ba?"

"Yaya, a gabanka ya faɗa."

"Ba ya cikin hayyacinsa sosai."

Sai Inna ta yi magana. Tana zaune a bakin ƙofarta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Fatihu, shekara talatin da wani abu nake kwana da mutumin nan da makarar nan. Ka ɗora shi ya je ya huta."

Aka ɗora shi. Na tsaya a bayan zaure ina kallo aka ɗaga. Ƙafafunsa, a naɗe cikin likkafani da tabarma, sun wuce ƙarshen ƙarfen da tsawon tafin hannu biyu. Duk takun da masu ɗauka suka yi sai su ɗan motsa, sama da ƙasa. Matan da ke kusa da ni suka kawar da kai. Baba Kolo ne kaɗai na ji ya ce, a hankali, "Ga shi nan, Sama'ilu." Ina kuka, amma wallahi a raina na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji.

Yaya Fatihu ne ya kama mariƙin gaba na dama. An ce mini mutane sun yi ta miƙa hannu su karɓe shi, ya ƙi saki har bakin kabari. Da suka dawo bai tsaya wurin manyan baƙinsa ba, ya shigo cikin gida ya zauna a kan turmi. Kafaɗar farar shaddarsa ta yi kore, tafin hannunsa ma haka.

"Baba Kolo ya gaya miki abin da na ce?"

"Ya gaya mini."

"Shi Baba ya ji?"

"Bai ji ba, Yaya. Ajali ne."

"Na sani," ya ce.

Na kawo masa kananzir da tsumma, fentin ya fita tas ko minti biyu ba a yi ba. Ya ci zaɓensa, yana majalisa yanzu. Watan jiya ya zo buɗe rijiyar burtsatse a garinmu, ina cikin mata ina kallonsa. Mutumin da a da ba ya jawabi sai ya sa fili ya ɗauki dariya, ya yi maganarsa a taƙaice. Yana tsaka da godiya sai ya yi shiru, ya buɗe hannunsa na dama ya duba.