Matar da Ta Hana Mu Aron Kujeru

Kafin 'yan kasuwar Wonogiri su gama shimfiɗa kaya, Bu Warsiti, wato Uwargida Warsiti a yarenmu, ta riga ta tayar da tsohon babur ɗinta. Ta leƙa mai farfaɗiya, ta kai mai shanyewar ɓarin jiki asibiti, ta bi layin ofishin jin daɗin jama'a a madadin wanda ba ya iya tsayuwa. Haka take tun gashinta yana baƙi, ba albashi. Yanzu gwiwoyi sun ce ya isa, za ta huta.

Mu nan akwai mu da ɓoye kasawa a gaban baƙo, ko da za ta kashe mu. Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, kafinta ne, ciwon karkarwa ya raba shi da zarto, magani kuma ya fi ƙarfinsa in ba tallafin nakasassu ya samu ba. Ranar da jami'ar ofishin jin daɗin jama'a za ta zo duba shi, matarsa Lasmi ta aro kujerun maƙwabta, ta sa masa rigar batik ta zuwa biki, ya zauna ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinya. Da aka tambaye shi jiki ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, garau nake." Jami'a ta rubuta abin da ta gani, aka hana shi.

Warsiti ta yi ta sintiri har aka sake sa rana. Da safiyar ranar ta tarar ana shigo da kujerun.

"A mayar da su!" in ji ta.

"Haba Yaya, a tabarma za mu zaunar da baƙuwa?" in ji Lasmi.

"Neman aure ta zo? Marar lafiya ta zo gani." Warsiti ta juya wajen maigidan. "Pak, yau kai za ka zuba mata shayi."

"Tozarta ni za ki yi, Bu?"

"Ciwo ne, ba sata ka yi ba. In ka ɓoye shi yau, da me za ka sha magani gobe?"

Da jami'a ta zauna, ya ɗauki buta. Bakin butar ya yi ta bugun kofi, shayi ya malale a tabarma. Lasmi ta zabura za ta karɓa, Warsiti ta riƙe mata zane. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, wallahi sai da idona ya cika. Darmaji ya ɗago kai ya dubi jami'ar ya ce, "Haka nake, Bu. Kullum haka nake." Tallafinsa ya fito, har yau bai yanke magani ba.

Ke ce mai raka marar ƙarfi har gaban hukuma, Warsiti. Ke ce kika koya mana cewa faɗin ciwo ba ya rage mutunci. Mun gode, Allah ya saka miki.

Saura mu. A kowace unguwa akwai marar lafiyar da ake turawa ƙuryar ɗaki da zarar an ji sallama. Ku je ku yi sallamar, ku ce wurinsa kuka zo.