Ranakun da Kawu Ɗanlami Yake Mutuwa

Duk wanda ya taɓa kai aiki maɗaba'ar Kawu Ɗanlami a Mandawari ya san bencin nan na bakin ƙofa, ya kuma san ranar mutuwa. Haka kawai Kawu zai iso da safe, ya zauna, ya cire hula ya kifa a gwiwa, ya ce, "Yau na mutu. Kada wanda ya tambaye ni komai." Sai an yi la'asar zai mayar da hular ya leƙo ciki: "Na dawo. Me kuka ɓata?"

Matarsa Hajiya Yalwa har kuka ta yi kan wannan mugun baki, shi ko a jikinsa. Ya ga shagunan abokansa da yawa sun bi masu su kabari, ya rantse nasa ba zai bi shi ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ne kuma manaja, don haka na fi kowa shan wahalar gawar nan.

Lokacin da soja suka ce za su sauka, 'yan siyasa suka cika gari da fastoci, wani Alhaji mai neman ciyaman ya faɗo mana a irin wannan rana.

"Ina mai wurin?"

Kawu ya ɗago kai. "Ya rasu da safen nan, Alhaji."

"Inna lillahi! Allah ya jiƙansa. Kai wane ne nasa?"

"Ni ne mamacin. Shiga ciki, magada suna nan."

Wallahi sai da na ba Alhajin nan ruwa kafin ya tuna abin da ya kawo shi!

Horon ma'aikata kuwa, nasa daban ne. Na taɓa ce masa mu tura Isiyaku mai inji wani kwas a otal. Ya harare ni ya ce, "In ya dawo ya fi kowa sani, da wa zai yi aikin? Ko mu tafi duka har maigadi, ko mu zauna." A wurinsa ba ka iya aikinka ba sai ka san hannun da ya miƙo maka da hannun da za ka miƙa wa. Da muka ɗauki Habibu mai tsara fasta a kwamfuta, bokitin sitaci Kawu ya fara ba shi, ya ce ya je ya manna fastar da ya tsara a bango. Sannan ya ɗora shi a acaɓa, ya ce a wuce da shi ta gaban bangon.

"Ka karanta sunan ɗan takarar?"

"Ina fa, Kawu! Gudu muke."

"To masu zaɓen ma ba a tsaye suke ba. Je ka ƙara masa girma."

Rannan fuskar wani ɗan takara ta fito a dame, ido a nan, gemu a can. Na ce a ci Isiyaku tara. Kawu ya tara mu duka, ya ce a bi sawu. Isiyaku ya ce takardar ce ta sha danshi. Mai sito ya ce ba shi ya ajiye ta ba, an kawo ta ana masallacin Juma'a. Malam Audu maigadi ya ce shi ya karɓa, ya jingina ta inda ya ga inuwa, kusa da randa.

"Wa ya kawo randa wurin nan?" in ji Kawu.

Duk muka juya muna kallonsa.

"Au, ni ne ko? To a kore ni."

Ya tashi ya kinkimi randar da kansa, yana nishi yana ƙorafin manaja ba ya tausayin tsofaffin ma'aikata.

Ana cikin aikin Alhajin nan mai neman ciyaman, taronsa ya matso, sai Isiyaku ya ajiye aiki, wai shi ma kansila zai nema. Hankalina ya tashi, don in aikin nan bai fita ba sunanmu ya gama lalacewa a gari. Na fita da gudu, na tarar Kawu yana kifa hula a gwiwa.

"Kawu, don Allah ba yau ba!"

"Kai manaja, ka taɓa jin mutuwa ta nemi izini?"

Na koma ciki kamar in fashe. Sai na ga Habibu ya riga ya naɗe hannun riga ya hau inji, Malam Audu yana kan wuƙar yanka, mai sito yana dama tawada. Duk Kawu ya taɓa zagayawa da su wuraren nan a baya, muna ce masa ɓata lokaci ne. Aiki ya fita tsaf. Isiyaku kuwa ya sha kaye a zaɓe ya dawo, Kawu ya yi masa jaje, ya miƙa masa bokitin sitaci.

Da ta gaskiyar ta zo, ba a benci ta same shi ba, a gida ne, bayan gajeriyar jinya. Aka yi sadakar uku muka buɗe shago. Ba wanda ya tambayi wani abin da zai yi, inji ya tashi, takarda ta shiga ta fita. Sai da aka yi la'asar na lura duk mun tsaya cak, kowa ya zuba wa ƙofa ido. A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ba mu ɓata komai ba, Kawu, shagon yana nan. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.