Waƙar da Ta Ƙi Sauka a Harobanda

Mun tashi da asuba, taurari ba su gama dushewa ba, daga ƙauyenmu na bayan Maraɗi, muka kama hanyar Yamai. Ƴan'uwa mata da ba ku samu zuwa ba, da na sauran garuruwa da ba ku san mu ba, kun ce a rubuta muku abin da muka gano. To, ga shi yadda idona ya gani. Matan zumuntar wata ƙaramar majami'a da ke unguwar Harobanda ne suka gayyace mu, mu yi sujadar Lahadi tare, mu roƙi Ubangiji a kan wannan fari da ya hana kowa sakewa.

Kayanmu ba yawa. Tulunan kiɗa da muka naɗe da tsofaffin zannuwa, caki, da ɗan dunƙulen fura na guzuri. Abin da ya fi mana nauyi shi ne Inna. Ita ce mai ba mu waƙa tun ina yarinya. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, waƙoƙinta a kanta suke, ita ke haɗa su tana daka ko tana tsinkar yakuwa. Bana ƙyanda ta shigo gari ta tarar da yara da yunwa, ta tafi da jikanta da take riƙo. Tun ranar da aka binne shi Inna ba ta ƙara buɗe baki da waƙa ba. Takan zo sujada ta zauna a bencin baya, idonta a ƙasa. Kafin tafiyar nan ta gaya wa shugabarmu, uwar zumunta, cewa da mun dawo za ta mai da zanen zumunta, ta gama. Ba ta yarda ta biyo mu ba sai don a duba mata ido a babban asibiti. Ni da aikina bugun tulu, ni aka ɗora wa ba da waƙa, wai na fi sauran haddace baitocinta. Haddar kam akwai, murya ce dai Allah bai ba ni da yawa ba.

Hanya kwalta ce, gudron kamar yadda direbanmu ke cewa, amma ramukanta sun isa su sa mutum ya tuna da zunubansa. Abin da ke gefen hanya ya fi ramukan ciwo. Gonaki fayau, karan bara ma an kwashe an ba dabbobi. Gawawwakin shanu sun bushe a inda suka faɗi, fata manne da ƙashi. Mun wuce Buzaye da Fulani suna tafe a ƙasa, mata da yara a gaba, ba garke a baya. Sai a Galmi ido ya ɗan huta da koren albasa a fadama.

Shingen jandarma kuwa ba a magana. Tun da sojoji ke riƙe da ƙasa, bakin kowane gari sai an sauka, a yi layi, a nuna katin ɗan ƙasa. A shingen Madawa wani jandarma matashi ya hau bisa mota ya kwance tulunanmu, ya leƙa ciki, ya girgiza, ya zura hannu.

"Madam, mene ne a ciki?"

"Iska, ɗana," in ji uwar zumunta.

"Tun daga Maraɗi kuke dakon iska zuwa Yamai? Can babu?"

Na karɓi ɗaya na buga masa da tafin hannu, tulun ya yi gumm. Ya ja da baya, ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce mu wuce, mu roƙa musu ruwa su ma, gonar babansa ba ta ba da ko dami ɗaya ba.

A Ƙwanni muka tsaya cin abinci. Kuɗin da a da yake sayen tiya uku ta hatsi, yanzu ɗaya yake saye da ƙyar. Tuwon tasha kuwa da jar dawar taimako mai tuwon ta yi shi, wadda ake kawowa daga ƙasashen waje, ga shi ja, ga tauri, sai an bi shi da ruwa. Inna ta ci loma biyu ta miƙa wa wata mata mai goyo da ke tsaye tana kallonmu. A Dogon Dutsi muka kwana gidan masu bi, da safe muka bi ta Doso. Tsakanin Doso da Yamai muka ga raƙuman dawa suna cin ganyen ƙaya a bakin hanya, ko a jikinsu. Mota duka aka miƙe ana nuni. Inna ba ta ɗaga kai ba.

Yamai gari ne. Ga fitilu a kan titi, ga benaye, ga motocin soja suna kai da komo. Hausa ana jinta ko'ina a kasuwa, sai dai Hausar Zabarmawa ce, mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, kuma ba mai damuwa. A Zongo muka sauka, gidan wata Hajiya mutuniyar Damagaram, ƴar'uwar kakar ɗaya daga cikinmu. Ta san abin da ya kawo mu, ta share mana ɗaki, ta ce mu yi addu'armu yadda muka saba, ita ma za ta yi tata, Allah ya karɓi ta wanda ya karɓa, ruwa dai ya sauka. Ta ciyar da mu dambu da zogale, wanda su can suke kira kopto. Allah ya saka mata da alheri.

A gidan nan na yi wautar ƙauye. Hajiya tana sayar da ruwan ƙanƙara a ƙulle cikin leda. Ni da ban taɓa samunsa a wadace ba, ga zafin Yamai kamar a bakin murhu, na yi ta sha ina taunar ƙanƙarar kamar gyaɗa. Uwar zumunta ta ce, "Ke mai ba da waƙa, ki ji tsoron Allah." Na ce ɗaya ce ta ƙarshe. Ranar Asabar muka kai Inna asibiti, aka ɗiga mata magani aka ba ta na gida. Lahadi da safe na buɗe baki in gaishe da Hajiya, sai na ji muryar tsohuwar agwagwa. Aka dafa mini citta da kanumfari, murya ta ɗan dawo rabi.

Harobanda tana ƙetaren kogi, sai an hau babbar gada. Da muka hau na leƙa ƙasa. Kogin da muka karanta a lakwal ya janye ya bar rairayi, yara na tsallaka wasu wurare da ƙafa, jiragen masunta a kife a kan tudu.

Majami'ar ginin laka ce da rufin kwano, amma abin da ke cikinta ya ba ni sha'awa ƙwarai. Zabarmawa, Gurmawa, mutanen Togo da Benin masu aikin kafinta da koyarwa, Yarbawa ƴan kasuwa, da wasu da fari ya koro daga karkara suna kwana a harabar. Kowace ƙabila aka ba ta fili. Mutanen Togo suka yi waƙar littafi da Faransanci, murya huɗu, maza a ƙasa mata a sama, lallausa kamar ana shimfiɗa zane. Gurmawa suka yi tasu da tafi da rawar kafaɗa, har ƙura ta tashi. Na lura da abu guda: ba wanda ya zauna kallo. Wanda bai iya kalmomin ba yana gunji da hanci, wanda bai iya gunjin ba yana tafi. Wani tsoho makaho a gabana yana buga sandarsa a ƙasa daidai da kiɗa. Fastonsu, Bazabarme mai sanyin magana, ya ce a nan ba su da ƴan kallo, mai kallo ɗaya ne, Shi ne a sama.

Sai aka kira baƙi daga Maraɗi.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, mu ba ma waƙa da littafi. Mai bayarwa ta jefa baiti, sauran su amsa. Kuma amshi ba ya tsayawa don kansa. Sai mai bayarwa ta ja baitin ƙarshe ta sauke waƙar, sannan tulu ya yi shiru. In ta yi tari ko ta manta, ana ta maimaita amshi har ta dawo. Haka muka tashi muka tarar, ba wadda ta taɓa tunanin a yi wani abu daban.

Na ɗauko wata tsohuwar waƙar Inna mai sauƙin amshi: "Kana ji, Uba, kana ji." Baitin farko ya fita da ƙyar. A tsakiyar na biyu murya ta ɗauke ɗif. Na buɗe baki, iska kawai. Matanmu suka riƙe amshi suna jirana. Na haɗiye yawu na sake gwadawa, babu. Na dubi uwar zumunta, ita kuma ta dube ni, don a cikinmu, ban da ni da Inna, ba wadda ta taɓa ba da waƙa. Tulu na tafiya, caki na tafiya, kana ji Uba kana ji.

Mutanen Yamai ba su san matsala aka samu ba. Sun ɗauka haka waƙar Maraɗi take. Da suka ji kalmomin ba su da wuya, sai suka kama. Gurmawa suka sa tafi, mutanen Togo suka raba amshin murya huɗu, makahon nan ya miƙe tsaye. Majami'a duka ta ɗauka, kwanon rufi yana amsawa. Fasto ya saci kallon agogonsa sau ɗaya, ya ga ba mai niyyar tsayawa, ya sauke hannu ya ci gaba da tafi. Ni kuwa ina tsaye a gaba, zufa har cikin ido, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Daga can baya na ji murya. Ba da ƙarfi ta fara ba, kamar mai magana da kanta. Inna ce, tana zaune, ba ta ma tashi ba. Kuma ba baitocin da na haddace take bayarwa ba. Sabbi ne, ba mu taɓa jin su ba. Ta kira sunan jikanta. Ta ce ta ɗauke shi a baya ta kai shi asibiti da ƙafa, ta dawo da zane kawai. Jama'a suka amsa, kana ji Uba kana ji. Ta ce shekara da shekaru tana yi Maka waƙa, ranar da ta kira Ka ina Ka tafi? Kana ji, Uba, kana ji. Ta ce rumbu wayam, rijiya wayam, bayanta wayam. Ta miƙe tana dafa benci, muryar ta buɗe irin yadda muka san ta, har da ƙari. Ta tambaye Shi ko tsohuwa ba ta fi yaro dacewa da tafiya ba.

Mu da muke jin Hausa muna amshi muna kuka. Mafi yawan mutanen wurin ba su fahimci rabin abin da take faɗa ba, amma sun ga fuskarta. Wata Bagurma ta bar wurinta ta je ta tsaya kusa da ita, ta riƙe mata gefen mayafi, bakinta bai bar amshi ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Daga ƙarshe Inna ta ce ta gaji, ta ajiye maganar a gabanSa, Shi ya san yadda zai yi da ita. Ta ja baitin, ta sauke waƙar. Tulu ya yi shiru.

Bayan an tashi, ana rabon shinkafa da wake a harabar, wani dattijon majami'ar, Bahaushen Tawa da ya ji komai, ya matso wurin fasto yana gunaguni, wai wannan ai ƙara ce aka kai Ubangiji, ba yabo ba. Fasto ya ce, "Baba, in ɗanka ya yi fushi, wanne ka fi so, ya zo ya faɗa maka a fuska, ko ya daina shigowa gidanka?" Ya ce ya koma ya duba Zabura, zai tarar masu kuka sun kai masu murna yawa. Dattijon ya ɗauki kwanon shinkafarsa ya kai wa Inna da kansa.

Ni da na je ba ta haƙuri, harara ta ta yi. "Ke da ƙanƙararki. Kin bar waƙa tsaye a rana kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba, kina so in zauna ina kallo?"

Ran Talata muka kamo hanyar gida. Shingayen suna nan, gawawwakin shanu suna nan, sama fes ba ko gizagizai. Inna ba ta yi waƙa a mota ba, amma ta ci abinci, ta kuma yi wa direba faɗa a kan gudu. Muka iso gida lafiya, muka tarar da yara lafiya, godiya ga Ubangiji.

Abin da na koyo a tafiyar nan, da ina ɗauka waƙar sujada ta mai murya ce, mu sauran rakiya muke yi. Yanzu na ga amshi shi ne aikin. Ranar da bakin ɗayarmu ya mutu, sauran ne za su riƙe mata maganar a gaban Allah har ta samu ta dawo, ko da ba su san abin da ke damunta ba, ko da yarensu daban. Na kuma gane sujada ba sai zuciya ta yi fari ake kawo ta ba. Yadda take haka ake kawo ta.

Ranar taron zumunta na farko bayan dawowarmu, Inna ta shigo da zanen zumunta a naɗe a hammata. Muka ɗauka mai da shi ta zo yi. Uwar zumunta ta miƙa hannu a sanyaye za ta karɓa. Inna ta buge hannun, ta warware zanen ta ɗaura a kan nata.

"Kada ku yi murna," in ji ta. "Ban gama magana da Shi ba. Amma na gwada yi ni kaɗai a ɗaki, ba ta fita. Ku tashi ku amsa mini."

Muka tashi.