Ƙwallon da Habu ya miƙa gefe

Shekara bakwai ke nan da muka rasa ƙanena Habu a nan Riyad. An kai shi makabartar Al-Oud, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Shi ya sa nake riƙe da duk wani wurin da sunansa ya rage.

Direba ne a gidan wani Ba'amurke a unguwar Ulaya. A can ya koyi ƙwallonsu mai siffar gwanda, ya tara 'ya'yan Hausawa a wani fili kusa da masana'antu, yana koya musu duk Juma'a bayan la'asar. Iyaye suka riƙa ce musu Yaran Habu.

A kicin ɗina ya koya mini dokar wasan, da albasa a hannu a madadin ƙwallo. "Yaya, in kin jefa ƙwallo gaba, sau ɗaya ne, kuma in ta faɗi ƙasa an tsayar da wasa, ba a yi asarar ƙwallo ba. Gefe ko baya kuwa, jefa son ranki, amma in ta faɗi, duk wanda ya dirar mata tasa ce. Shi ya sa ba a miƙa gefe sai ga wanda aka yarda da shi." Na ce ya ajiye mini albasata kafin miya ta ƙone.

Da ciwo ya kwantar da shi, gefe ya miƙa. Ya kira amininsa Sabi'u, wanda suka ci tuwo kwano ɗaya a falona, ya ba shi usur da amanar yaran. A gabana Sabi'u ya yi kuka, ya ce sunan Habu ba zai gushe ba.

Bana na je kallon wasan yaran, tunda yanzu mata na zuwa fili. Da Habu na nan, da ya yi murna da ciyawar roba da sababbin riguna. Amma me zai ce in ya karanta bayan rigunan? Sunan Sabi'u ne. Da kunnena na ji yana gaya wa iyaye shi ya kafa ƙungiyar daga tushe. Da muka haɗa ido sai ya ce, "Hajiya, ai zamani ne." Da ɗan gari akan ci gari. Ƙwallon nan ba ta faɗi ƙasa ba balle ya ce tsinta ya yi, a hannu aka danƙa masa.

Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa. Har yau ban kai ba.

Ina shirin tafiya sai gardama ta tashi kan wata jifa, gaba ce ko gefe. Wani saurayi mai gemu, cikin yaran farko, ya daka tsawa: "Dubi layi, kar ka dubi hannu!" Maganar Habu ce, har da yadda yake jan ƙarshenta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sabi'u ya ɗauke sunan, amma da bakin ƙanena ake raba gardama a filinsa. Allah Ya jiƙan Habu, Ya haskaka kabarinsa.